Tan Ɗaya Yuro 764: Abin da Ya Faru da Ƙwayar Katako a Jamus a 2022

A watan Satumban 2022, magidancin da ya buga wa dillali waya a Jamus yana so a cika masa rumbun makamashin hunturu, farashin da ya ji ya kai kusan Yuro 764 a kan kowane tan na ƙwayar katako, wato dusar katako da aka matse, wadda ake ƙonawa don ɗumama gida. Wannan shi ne matsakaicin farashin da cibiyar DEPI, mai bin kasuwar wata-wata, ta fitar ga wanda zai sayi tan shida. A daidai wannan lokaci a 2021, kayan nan bai wuce Yuro 240 ba. Gidan da ya saba biyan 1,200 a kan tan biyar, sai ga shi ana ce masa ya kawo 3,800, kuma ko ya yarda sai ya jira makonni kafin mota ta zo.

Abin da ya ja hankalina ga lamarin shi ne, Jamus ita ce kan gaba wajen sarrafa wannan kaya a Turai. A shekarar da ake magana ta sarrafa kimanin tan miliyan 3.5, abin da ta ƙona kuwa bai kai haka ba, wajen miliyan 3.2 ne. Dajin nata ne, injinan nata ne, motocin dakon nata ne. Iskar gas ce a lokacin kowa ya san tana hannun Rasha, domin kafin yaƙin Yukren fiye da rabin wadda Jamus ke amfani da ita daga can take zuwa. To yaya aka yi makamashin da aka tallata wa mutane a matsayin na gida ya ninka kuɗinsa sau uku, alhali man ɗumama gida da ake shigowa da shi daga waje sau biyu kawai ya ninka?

Sai an san kayan kafin a gane kasuwarsa

Jamusawa suna ce masa felet. Dusar katako ce, irin wadda ke taruwa a ƙarƙashin injin yanka katako, ake busar da ita har damshinta ya koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, sannan a tura ta da ƙarfi ta cikin faranti mai ƙananan huji. Zafin matsewar yana narkar da wani danƙo da itace ke da shi tun asali, shi ne ke riƙe ta. Tana fitowa siririya, kaurin milimita 6, tsawonta kamar gaɓar yatsa, da ɗan sheƙi a jiki. Wanda ya taɓa kiwon kifi zai ɗauka abincin tarwaɗa ne. Kilo biyu nata yana ba da zafin da lita ɗaya ta mai ke bayarwa, kuma da wannan ma'auni magidanta ke yin lissafinsu.

Ƙananan murhu na falo ana zuba musu daga buhu mai kilo 15. Amma gidajen da suka dogara da ita kacokan, tanka ce ke kawo musu. Direba zai tsaya a bakin titi, ya ja tiyo da kan kai mita 30, ya ɗaura a bakin wani bututu da ke jikin bango, ya ɗaura na biyu a gefensa don zuƙe ƙura, sannan ya kunna iska. Ƙwayar ta riƙa shiga rumbun da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwanon rufi. Ƙasan rumbun a karkace yake, wani ƙarfe mai murɗawa yana jan ƙwayar kaɗan-kaɗan zuwa tukunya, tukunyar ta dafa ruwa, ruwan ya zaga ɗakuna. Mai gida ba ya taɓa komai sai kwashe toka sau 'yan kaɗan a shekara. Gida ɗaya yakan ci tan huɗu zuwa shida, kuma yawanci sau ɗaya ake cikawa.

Abu biyu a nan su ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

Na farko, kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙwayar Jamus daga ragowar masana'antun yanka katako ake yin ta. Babu mai sare bishiya don ya sami dusa, kamar yadda babu mai kai masara inji don dusar awaki. Idan mutane sun rage surfe, dusa ta yi wuya, komai yunwar dabbobin. Yawan dusar katako yana bin yawan gine-ginen da ake yi ne, ba ya bin tsananin sanyi.

Na biyu, kaya ne mai wuyar ajiya. Ruwa ya taɓa shi ya kumbura ya koma dusa. A rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba marar wari, shi ya sa ake gargaɗin kada a shiga rumbu sai an buɗe ya sha iska. Injina suna aiki duk shekara, amma ƙonawa a hunturu take, saboda haka dillalai suka saba rage farashi a bazara don mutane su cika rumbunansu da wuri. Wato babban ma'ajiyar ƙasar shi ne ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na magidanta. Mai hankali yakan saya a Mayu ko Yuni, kamar mai sayen hatsi da kaka.

Gwamnati ce ta kira su

Ba haka kawai mutane suka tashi suka koma ga katako ba. Daga Janairun 2020 gwamnatin tarayya ta fara biyan kashi 35 cikin ɗari na kuɗin girka tukunyar ƙwaya, idan kuma tsohuwar tukunyar mai za a cire, tallafin ya kai kashi 45. Aiki ne da kan ci Yuro 20,000 zuwa 30,000, har fiye, don haka kusan rabi ba ƙaramin abu ba ne. A Janairun 2021 aka ɗora wa mai da gas harajin hayaƙi na Yuro 25 a kan kowane tan na hayaƙin da suke fitarwa, aka bar ƙwayar katako. Saƙon a bayyane yake. Mutanen karkara suka fi amsawa, musamman a Bavariya da Baden-Württemberg, inda daji yake da yawa, bututun gas bai kai ƙauyuka da dama ba, kuma tsofaffin gidaje suna da ɗakin da tankin mai yake, wanda za a iya mayar da shi rumbu.

Lokacin kuma kayan yana arha, amma arhar tana da dalilin da ba mai ɗorewa ba. Daga 2018 zuwa 2020 fari ya gallabi dazuzzukan Jamus, wani ƙwaro mai cin ƙarƙashin ɓawon itace ya kashe bishiyoyin da suke kira Fichte masu ɗimbin yawa. Dole aka sare su da gaggawa, katako ya yi yawa, injina suka yi ta yanka, dusa ta taru har ana neman mai ɗauka. A kan farashin waɗannan shekaru ne dubban iyalai suka yi lissafin cewa tukunyar za ta mayar da kuɗinta. Ya zuwa ƙarshen 2022, tukwane da murhunan ƙwaya a ƙasar sun doshi 700,000.

Farashin ya fara motsi tun kafin a harba harsashi. A Janairun 2022 ya haura Yuro 360. An ɗauka tashin hunturu ne da aka saba, zai sauka da bazara. Bai sauka ba. A Yuni ya wuce 430, a Yuli ya wuce 500, a Agusta ya doshi 700. Masu jiran rangwamen bazara, wato waɗanda suka bi shawarar da ta yi aiki shekara da shekaru, su suka fi shan wuya. Wanda ya rufe ido ya saya a Maris yana ƙorafin tsada, shi ya tsira.

Ta ina wutar ta kama

Rasha ta afka wa Yukren a ranar 24 ga Fabrairu. A Afrilu Tarayyar Turai ta saka kayan katakon Rasha cikin takunkumi, haramcin ya fara aiki sosai a Yuli, na Belarus ma ya riga shi. Masu ba da shaidar inganci ta ENplus, wadda kusan duk tukunyar gida ke buƙata, suka dakatar da kamfanonin ƙasashen biyu tun tsakiyar Afrilu. Kafin yaƙin, Rasha da Belarus da Yukren a haɗe suna kawo wa Turai kimanin tan miliyan 3 a shekara, wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da nahiyar ke ƙonawa. Kaɗan ne daga ciki ke zuwa Jamus. Amma waɗanda ke saye, irin su Denmak da Italiya da Beljiyam, ba su zauna sun zuba tagumi ba, sai suka juyo wa maƙwabta. A lokacin Italiya kaɗai tana ƙona sama da tan miliyan 3 a murhunan gidaje, kuma mafi yawansa shigo da shi take yi. Tsakanin masana'anta a Bavariya da ɗan kasuwa a arewacin Italiya babu shinge, babu kwastan, tafiyar yini ce a tirela. Mai masana'anta ba zai sayar wa maƙwabcinsa a kan 300 ba alhali ga wani a waya yana tayin 600.

Ga kuma manyan tashoshin lantarki da na dafa ruwan gari a arewacin Turai, masu ƙona ƙwaya da jirgin ruwa. A da nasu kaya daban ne, mai ƙarancin inganci, mai arha. Da farashin gas ya haura Yuro 300 a kan kowace megawat-awa a Agusta, sai kowane irin katako ya zama riba a wurinsu, suka shigo layi ɗaya da mai ɗaki uku da falo.

A ɓangaren dusa kuma sai aka yi rashin sa'a. Kayan gini sun yi tsada, Babban Bankin Turai ya ɗaga kuɗin ruwa a Yuli, karo na farko cikin shekara 11, masu gini suka fara ja da baya. Masana'antun yanka katako suka rage aiki a daidai lokacin da ake rububin dusarsu. Ita ma dusar ba masu ƙwaya kaɗai ke nemanta ba, akwai masu matsa ta su yi allon kabad da teburi, akwai masu takarda. Busarwa da matsewa suna shan lantarki, lantarki ya yi tashin gwauron zabi, dizal ɗin tanka haka, har ledar buhu.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma su ƙungiyar masu sana'ar ta riƙa lissafawa. Amma a ganina ba su isa su kai tan ɗaya 764 ba. Abin da ya ƙarasa aikin shi ne tsoro. A tsakiyar Yuni Rasha ta rage gas ɗin bututun Nord Stream 1 zuwa kashi 40, ranar 23 ga watan ministan tattalin arziki Robert Habeck ya ɗaga matakin gargaɗi a kan ƙarancin gas, a ƙarshen Yuli aka koma kashi 20, a ƙarshen Agusta aka rufe gaba ɗaya. Kowace safiya labari ɗaya ne: hunturu na zuwa, ba a san ko za a sami ɗumi ba. Mai ɗumama gida da gas ya je ya sayo ƙaramin murhun ƙwaya don ko-ta-kwana, ya jibge buhuna a gareji. Mai rumbun da yake da saura rabi, wanda a da sai ya bari har baɗi, ya ce a zo a cika masa yanzu. Sababbin tukwane dubbai da aka girka da kuɗin tallafi, kowace tana buƙatar cikon farko daga rumbu fanko. Odar da a da take bazuwa cikin wata goma sha biyu ta taru cikin wata uku, alhali tankoki da direbobi ba su ƙaru ba.

Dillalai suka fara cewa sai tsohon kwastoma, wasu suka riƙa raba kaya, wanda ya nemi tan shida a ba shi uku. Shi kuma da ya ga haka sai ya buga wa dillali na biyu da na uku, buƙatar gida ɗaya ta bayyana a kasuwa kamar ta gida uku. Mun san wannan a layin gidan mai: da zarar an ce babu, mai rabin tanki ma sai ya shiga layi, da jarka a but. Mun kuma san yadda buhun gawayi ke bin tukunyar gas a baya duk lokacin da ta tashi, ko da ba a ƙara wa mai gawayin ko sisi a daji ba.

'Yan damfara ba su bari ta wuce su ba. Shagunan bogi suka cika intanet da hotunan buhuna a farashi mai rahusa, a biya kafin a kawo, har cibiyoyin kare masu saye suka yi ta fitar da gargaɗi. Satar itace a daji ta ƙaru, a jihar Hessen ma'aikatan daji suka riƙa ɓoye na'urar bin sawu a cikin gungumen da aka tara a bakin hanya.

An yi zargin haɗin baki, kuma ba abin mamaki ba ne. A maƙwabciya Ostiriya, wadda ita ma tana sarrafa fiye da abin da take ƙonawa kuma farashinta ya haura Yuro 600, hukumar hana haɗin bakin 'yan kasuwa ta kai samame ofisoshin wasu kamfanoni da na ƙungiyarsu, proPellets, a Oktoban 2022. Bayan kimanin shekara guda ta rufe binciken ba tare da ta gurfanar da kowa ba, ƙungiyar dai ta ɗauki alkawarin gyara yadda take tafiyar da wasu al'amuranta. Ni ban ga buƙatar taron dare ba a irin wannan kasuwa. Idan mai saye ya riga ya kashe Yuro 25,000 a kan tukunyar da ba ta cin komai sai wannan ƙwaya, ga Nuwamba na ƙaratowa, kowane mai kaya ya san ba shi da inda za shi, ba sai wani ya raɗa masa ba.

A kan ma'aunin kilo biyu lita ɗaya, ga yadda abin ya kasance. A 2021 kilo biyu na ƙwaya santi 48 ne (santi 100 ne Yuro ɗaya), litar mai santi 71. A Satumban 2022 kilo biyun ya haura Yuro ɗaya da rabi, litar mai tana gaba da shi da ɗan kaɗan. Ratar da aka sayi tukunyar dominta ta kusa shafewa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, ko da yake na ɗan lokaci ne.

Tallafin da ya zo bayan an ci kasuwa

A ranar 15 ga Agustan 2022, farashi na tsakiyar hawa, gwamnati ta zaftare tallafin girka tukunyar katako zuwa kashi 10, ko 20 ga mai cire tsohuwar tukunya. Hankalinta ya koma kan na'urar da ke jawo ɗumi daga iska da lantarki. Dama tun a Fabrairu shugaban hukumar muhalli ta tarayya, Dirk Messner, ya ba da shawarar a rage ƙona itace a gidaje saboda ƙurar hayaƙi mai cutar da huhu. Muhawara ce mai tushe, amma ga wanda aka biya shi ya girka tukunya a 2021, jin ta a 2022 bai yi masa daɗi ba.

A ƙarshen Satumba shugaban gwamnati Olaf Scholz ya sanar da asusun Yuro biliyan 200 don rage raɗaɗin tsadar makamashi. Masu gas aka ƙayyade musu santi 12 a kan kowace kilowat-awa har kashi 80 na abin da suka saba sha, kuma kai tsaye ake cire musu a takardar biya. Mai ƙwayar da ya saya a Satumba ya biya wajen santi 15, ba shi cikin tsarin. Sai a Disamba, bayan matsin lamba, aka ware biliyan 1.8 ga masu mai da ƙwaya da gas ɗin tanki da makamantansu.

Ƙa'idar ita ce: an ɗauki Yuro 240 a matsayin farashin 2021, a ninka shi biyu ya zama 480, abin da ya haura haka gwamnati za ta mayar da kashi 80 cikin ɗari, muddin kuɗin ya kai Yuro 100, kuma ba zai wuce 2,000 ga gida ɗaya ba. A ɗauki misalin mai tan biyar a kan 760. Ya biya 3,800, a cire 2,400, saura 1,400, za a mayar masa da 1,120. Ya rage da 2,680 a wuyansa, fiye da ninki biyu na abin da ya saba. Maƙwabcinsa da ya saya a Yuni a kan 430 ba shi da ko santi, duk da ya biya ƙarin kusan Yuro 1,000. Kuma sai kayan da aka saya daga 1 ga Janairu zuwa 1 ga Disamban 2022 ake lissafawa, sai mutum ya nema da kansa, da rasit, ta intanet a yawancin jihohi. Ba a buɗe karɓar takardu ba sai wajen Mayun 2023, aka rufe ranar 20 ga Oktoba. Kaso kaɗan na kuɗin aka karɓa. Lokacin da tagar ta buɗe, hunturu ya wuce, mutane sun riga sun ci bashi ko sun taɓa ajiya, wasu sun ja bargo sun rage wuta.

Shi kuwa farashin bai jira kowa ba. Oktoban 2022 ya zo da ɗumi, yana cikin mafi zafi da aka taɓa rubutawa a Jamus. Ma'ajiyar gas ta cika a Nuwamba. Rumbunan gidaje kuma duk sun cika, mai rumbu cike ba ya buga waya. A Disamba, tsakiyar sanyi, tan ya sauko wajen Yuro 540, ragin sama da 200 cikin wata uku, alhali takunkumi yana nan, yaƙi yana nan, lantarki bai yi arhar da za ta bayyana wannan ba. Wannan saukar ita ce hujjata mafi ƙarfi cewa babban kaso na tashin, kuɗin rububi ne. Da bazarar 2023 ya koma ƙasa da 400, a bazarar 2024 ƙasa da 300.

Jamus tana da hukumar da doka ta ɗora wa ajiye man da zai ishe ta kwana 90, tun 1978. A 2022 ta kafa dokar da ta tilasta cika ma'ajiyar gas zuwa kashi 95 kafin 1 ga Nuwamba. Ƙwayar katako ba ta da ko ɗaya, domin an ɗauka abin da ke fitowa daga dajin bayan gari ba ya buƙatar ajiya. A Ostiriya masu sana'ar da kansu sun daɗe suna neman a tilasta musu ajiye wani kaso, don kada wanda ya ajiye shi kaɗai ya ɗauki nauyin rumbu, maganar ta shiga shirin gwamnatin haɗaka na 2020, amma 2022 ta zo ta wuce ba ta zama doka ba.

A 2023 aka shafe watanni ana cacar baki a kan sabuwar dokar ɗumama gidaje, da ko za a bar katako a cikin makamashin da aka yarda da shi a sababbin gine-gine. Majalisa ta amince da ita ranar 8 ga Satumba, aka bar katakon a ciki. Amma masu saye sun riga sun ja jiki. Tukwanen ƙwaya da aka sayar a shekarar ba su kai rabin na 2022 ba, a daidai lokacin da cinikin tukwanen mai, waɗanda aka kashe kuɗin tallafi don a rabu da su, ya kusa ninkawa.